Ɗan Maƙeri da Zanzaron Roba

Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa. In har wannan magana hukunci ce, to ni an daɗe da yanke mini nawa, domin mahaifina maƙeri ne, kakana maƙeri ne, kuma iyakar inda tsofaffin gidanmu ke iya kaiwa wajen lissafin kakanni, ba a fita daga bakin wuta. Ni ne ɗan fari, ni ne kuma na fara tsinke igiyar. Ina ɗan shekara tara aka zaunar da ni a bayan zugazugi, a wani ƙauye na ƙasar Katsina, amma hankalina bai taɓa tsayawa a kan gawayi ba. Sai in yi ta zuga ina tunanin labarin da aka karanta mana a makaranta, har wuta ta lafa, ko kuma ta wuce kima ƙarfe ya ƙone. Mahaifina ba mai duka ba ne. Iyakarsa ya dube ni, ya zare ƙarfen da awartaki, ya ce wa ƙanena ya karɓe ni. Da yake ni ɗan fari ne bai taɓa kiran sunana ba, kamar yadda al'ada ta shimfiɗa. "Kai" shi ne sunana a bakinsa, in kuwa zancena yake yi da abokansa sai ya ce "ɗan bokon nan".

Boko kuwa ya ɗauke ni ya yi nisa da ni, har ya dire ni a nan Kurmi, inda nake koyar da adabin Hausa ga ɗalibai waɗanda yawancinsu a aji suka fara jin harshen. Na yi digiri uku, na rubuta maƙalu, na duba kundaye ba adadi. Amma akwai wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Duk ranar da na je gida na ga fartanyar da mahaifina ya ƙera shekara talatin da suka wuce tana hannun wani manomi, sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Aikina duk magana ce a kan magana. In na yi kuskure a sakin layi na farko ina iya rufe shi da na biyu, in kuma mai sauraro ya ja da ni sai in ce masa ai fahimta fuska ce, kowa da tasa. Fartanya ba ta san wannan ba. Ko ta yi noma, ko ba ta yi ba.

A ƙarshen 2021 na shiga ɗakin gwaje-gwajen wani abokina a tsangayar injiniya domin in karɓi wani saƙo. Sai na tarar da wata 'yar na'ura a kan tebur tana kaiwa tana komowa ita kaɗai, tana wani ɗan siririn kuka, a kan farantinta kuma wani abu yana tasowa daga ƙasa sannu a hankali, ba hannun kowa. Na tsaya kallo har na manta abin da ya kawo ni. Da aka biya ni kuɗin wani aikin fassara a watan Janairun 2022, sai na sa aka sayo mini irinta, ƙarama, wadda ake sayarwa a wawware domin mai saye ya haɗa da kansa, saboda ta fi araha. Kwalin ya zo ya zauna a ƙarƙashin teburina, ni kuma ina fama da takardun jarrabawa. Uwargida takan share gefensa kullum da safe ba ta ce uffan, abin da ya fi mini ciwo da a ce ta yi magana. Ranar 14 ga Fabrairu malaman jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aikin da ya ɗauki wata takwas cur, har 14 ga Oktoba. Aji ya rufe, uzuri ya ƙare, ya rage daga ni sai kwali.

Ya kamata in yi wa mai karatu bayanin abin da ke cikin kwalin, domin sunan da aka ba na'urar yana ɓatar da mutum. Turawa suna kiranta firinta, mu kuwa da mun ji firinta sai mu tuna takarda da tawada. Wannan ba ruwanta da takarda. Abincinta zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75, wato kamar kaurin tsinken tsintsiya, a naɗe a jikin kwarkwaro. Kwarkwaro mai nauyin kilo guda yana ɗauke da zare mai tsawon mita 330 ko kusa da haka. Wasu ƙananan haƙoran ƙarfe ne ke cafke zaren su tura shi cikin wani ɗan kogo mai zafin digiri 200, inda yake narkewa ya fito ta wata ƙofa mai faɗin milimita 0.4. Wannan baki mai zafi shi ne ke yawo a kan faranti yana zana siffar abin da ake so da narkakkiyar roba. In ya gama zagaye ɗaya sai ya ɗaga sama da milimita 0.2 ya sake zana wani a kan na farko, haka nan hawa bisa hawa, har abu ya tashi ya tsaya da ƙafarsa. Duk wanda ya taɓa ganin mai ginin tukwane tana ɗora murjajjen yumɓu a kan ɗan'uwansa, ko magini yana jera tubali, ya riga ya san dabarar. Abin da na'urar ta ƙara shi ne ba ta gajiya, kuma sai ta yi hawa biyar kafin ta cika milimita guda.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya a Amurka mai suna Scott Crump shi ya ƙago ta, kuma an ce tunanin ya zo masa ne a 1988 lokacin da yake yi wa 'yarsa kwaɗon wasa da bindigar narka gam. Ya nemi haƙƙin mallakar fasahar a 1989, ya kafa kamfanin Stratasys tare da matarsa, na'urorin kuma suka zauna a manyan masana'antu shekara da shekaru saboda tsada. Abu biyu suka sauko da su ƙasa. Na farko, a 2005 wani malamin Jami'ar Bath a Ingila, Adrian Bowyer, ya fara wani shiri mai suna RepRap da nufin ƙera na'urar da za ta iya gina yawancin sassan jikinta, ya kuma saki zanenta kyauta ga duk mai so. Na biyu, a 2009 wa'adin haƙƙin mallakar Crump ya cika, ƙofa ta buɗe wa kowa. Daga nan ne Josef Prusa a birnin Firag da masana'antun Shenzhen na ƙasar Sin suka shiga fitar da na'urorin da malamin makaranta zai iya saye. Ko a nan maƙwabta, a birnin Lome na Togo, wani mai suna Afate Gnikou ya haɗa tasa a 2013 daga tarkacen tsofaffin kwamfutoci da aka zubar. Da na karanta labarinsa sai kunya ta kama ni. Shi a juji ya tsinto nasa sassan, ni kuwa an jero mini nawa cikin soso, kowanne da lambarsa, amma ina tsoron buɗewa.

'Yata ta biyu, wadda a lokacin take shekara 12, ita ta gaji da jira ta yanke igiyar kwalin da wuƙar kicin. Muka baje kayan a kan tabarma. Akwai gindi mai ɗauke da faranti, santimita 18 kowane gefe. Akwai ginshiƙin alminiyam, da hannu guda ɗaya mai ɗauke da bakin wuta. Akwai ƙananan injuna huɗu, uku na tafiya, wato hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa, na huɗun kuma na tura zare. Sai bel masu haƙora, da 'yan jakunkunan leda cike da notuna. Littafin bayani ya ce aikin awa biyu ne. Mu mun yi kwana biyu, laifin kuwa nawa ne. Ni da nake cin abinci da koya wa mutane karatu a tsanake, ni ne na tsallake shafi, na ɗaura hannun a juye, sai da yarinyar ta ɗora yatsa a kan hoto ta ce, "Baba, nasu ba haka ya kalla ba." Ita ce kuma ta hango wani ɗan jan makunni a gefen akwatin wuta, mai lamba 115 a gefe guda da 230 a ɗaya gefen. Wutar ƙasar nan 230 ce, kuma da an jona na'urar alhali makunnin yana ɗaya lambar, da labarin nan ya ƙare a nan da warin ƙauri.

A wajen haɗin nan na fara jin muryar mahaifina a kunnena, ba tare da na gayyace ta ba. In ginshiƙi ya karkace ko da kaurin farce ne, duk abin da na'urar za ta gina zai fito a karkace, don haka ba a ɗaure noti tamau sai an duba tsayuwar ginshiƙin an sake dubawa. Bel kuma in ya yi sako-sako da'ira takan fito kamar ƙwai, in ya yi tsauri ya wahalar da inji, sai an ja shi daidai yadda in an kaɗa shi da yatsa zai yi amo kamar tsirkiyar gurmi. Aiki mafi cin rai shi ne daidaita faranti. Ana so tazarar da ke tsakanin baki da faranti ta zama kaurin takarda ɗaya a dukkan kusurwoyi huɗu, ana kuwa gane haka ne ta hanyar zura takarda a tsakani ana murɗa noti, har sai an ji tana wucewa tana ɗan gogar bakin. Na yi amfani da shafin farko na wata maƙalata da wata mujalla ta dawo mini da ita. Shi ne karo na farko da maƙalar ta amfani wani.

Gwajin farko ya ba mu dariya da takaici. Roba ta ƙi kama faranti, baki ya ci gaba da yawo a iska yana amayar da zare, kafin mu ankara tebur ya cika da wani abu kamar dafaffiyar taliya. Na biyu ya kama, amma da ya yi tsayi sai kusurwarsa ta ɗago ya ɓalle. A nan na koyi cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Hawan farko shi ne komai. In ya kwanta sumul, layi ya rungumi layi, to mutum yana iya tafiya ya sha shayi. In kuwa ya fito a tsattsage ko a murɗe, gara a tsayar tun a nan, domin hawa ɗari da za su biyo baya ba za su gyara shi ba. Muka koyi goge maiƙon yatsa daga faranti, muka koyi jira ya yi ɗumin digiri 60 kafin a fara. A gwaji na biyar wani ɗan jirgin ruwa mai tsawon santimita 6, wanda masu irin wannan na'ura a ko'ina suke gwada ta da shi, ya fito da ƙofofinsa da bututun hayaƙinsa. Uwargida ta leƙo ta daɗe tana kallon bakin yana zagaye yana ɗora hawa, sannan ta ce, "Malam, ai wannan zanzaro ne." Na shafe makonni ina neman sunan da ya dace da na'urar a Hausa, na cika shafi guda da ƙirƙirarrun kalmomi, ita kuwa ta samo shi a tsaye da ludayi a hannu. Haka zanzaro ke ginin ɗakinsa a jikin bango, ɗigon laka bisa ɗigon laka. Tun daga ranar sunan ya bi ta.

Sai kuma Kurmi ta nuna mana halinta. Robar da na fara da ita, wadda ake kira PLA, daga sitacin masara ko rake ake yin ta, kuma tana shan danshin iska. Da damina ta kankama sai zaren ya fara ƙaras-ƙaras a cikin bakin wuta, saboda ruwan da ya sha yana tafasa, aiki ya riƙa fitowa da ƙuraje da gashi kamar yanar gizo. Maganin bokitin fenti ne mai murfi, da 'yan ƙunshin gishirin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Matsala ta biyu kowa ya san ta. Aikin awa biyar yana cikin awa ta huɗu sai a ɗauke wuta, faranti ya huce, gini ya saki. Ko da na'urar ta ci gaba daga inda ta tsaya, sai ka ga tabo ya zagaye abin kamar ɗamara. Dole na jona ta da batirin da ke riƙe mana fitila da fanka, muka yi yarjejeniya a gida cewa ranar da zanzaro ke aiki ba mai kallon talabijin.

Abin amfani na farko da na yi na aji ne. Ɗalibanmu da suka taso da Yarbanci ko Ibo ko wani harshen sukan sha wahala da haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun cikin shekarun 1930. Yaro zai rubuta "kafa" yana nufin "ƙafa", ya kuma rantse bai ga bambanci ba. Na gina haruffan manya-manya, tsayin tafin hannu, masu lanƙwasa da jar roba, marasa lanƙwasa da baƙa. Da aka koma aji na riƙa miƙa wa ɗalibi harafi in ce ya shafa ƙugiyar da yatsa sannan ya furta. Ban ce wannan ya warware matsalar ba, amma na ga yadda abin da hannu ya taɓa yake daɗewa a ƙwaƙwalwa. Na yi marayar waya, na yi maratayin makullai, na yi wa tukunyar uwargida sabon kan murfi wanda ya lanƙwashe a rana ta biyu saboda tururi. Duk wannan wasa ne. Aikin gaske yana jirana a gida.

Da ƙaramar Sallah, a farkon Mayun shekarar, na je ƙauye. Mahaifina ya haura tamanin, hannunsa ya fara rawa, ya daɗe da barin wa ƙanena maƙera. Abin da ya rage masa shi ne zaure da wata tsohuwar rediyo da yake kama Kaduna da Sashen Hausa na BBC da ita. Na tarar mamurɗin tashar ya fashe, ya bar tsinken ƙarfe tsirara, an kuma nema a kasuwanni ba a sami irinsa ba. Da magariba na ga tsohon ya ɗauko ɗan ƙaramin awartaki yana ƙoƙarin kama tsinken domin ya nemo tasha. Awartakin yana zamewa, hannun yana kaɗawa, tasha tana zuwa tana wucewa. Mutumin da ya yi shekara sittin yana ɗaga jan ƙarfe daga wuta ba ya kuskure, yau tsinken rediyo ya gagare shi. Ban ce komai ba, shi ma bai ɗago ba. Da ya shiga gida na ɗauko sabulun wanka na danna shi a kan tsinken har ya bar siffarsa, na naɗe a hankici na sa a aljihu.

Da na dawo na auna ramin da ke jikin sabulun. Faɗinsa milimita 6 ne, an shafe gefe guda domin kada mamurɗi ya riƙa zamewa. Na je wurin wani mai gyaran rediyo a unguwar Hausawa na sayi tsohon tsinke irinsa domin gwaji, sannan na zauna gaban kwamfuta na koyi zane da manhajar Tinkercad, wadda ake koya wa 'yan makaranta. Na zana mamurɗin ya fi na asali faɗi, da tsagogi masu zurfi a gefe, yadda yatsu masu kauri da rawa za su iya riƙe shi. A nan na ga amfanin na'urar na haƙiƙa, domin babu kantin da zai sayar maka da abin da aka yi wa hannun mahaifinka shi kaɗai. Na zana ramin milimita 6 daidai, ya ƙi shiga, domin roba takan ɗan kumbura ta ciki ta matse rami. Na ƙara da yawa, ya yi ta juyawa a banza. Ba a yi wa tsinken ƙarfe bayani, ba a ce masa ai kusan daidai ne. Sai a gwaji na huɗu, da rami mai milimita 6.2, na ji ya shige da ɗan ƙarfi ya zauna daram. Tsayinsa milimita 15, wato hawa 75. Domin ya fito sumul ba gashi, na rage zafin bakin zuwa digiri 190, domin kuma ya yi sauri na bar cikinsa da saƙa irin ta zuma maimakon a cike. Na gina guda uku.

Da babbar Sallah a watan Yuli na kama hanya. Biyu na ajiye su a gaban mota, bayan gilashi, ɗaya a aljihu. Na manta cewa PLA tana fara laushi tun daga wajen digiri 60, gaban motar da aka ajiye a rana kuwa yana kaiwa nan. Kafin mu isa Zariya biyun sun lanƙwashe kamar ƙosai. Na aljihun ya tsira. Bayan an ci abinci na fito da shi na sa a jikin rediyon a gaban mahaifina da ƙanena, ya shige daidai, zuciyata tana bugawa kamar ranar da na kare kundin digirina na uku. Tsohon ya murɗa, tasha ta zo. Ya sake murɗawa har ƙarshe, ya ɗan ƙara ƙarfi kamar yadda maƙeri ke gwada kowane aiki, sai ji muka yi ƙas, mamurɗin ya rabu biyu, rabi a hannunsa rabi a jikin rediyo.

Na buɗe baki zan fara bayani, kamar yadda na saba, sai ya ɗaga mini hannu. Ya kai ɓarin kusa da idonsa, ya bi layukan da farcen babban yatsa.

"Kai, wannan ɗora shi aka yi hawa-hawa?"

"E, Baba."

"Da wuta?"

"Da wuta, Baba. Roba ce ake narkawa."

Ya juya shi ya dubi inda ya rabu, sumul kamar an yanka da wuƙa.

"Wutarka ba ta kai ba," in ji shi. "In za ka haɗa ƙarfe biyu, wuta ba ta kai ba, za su manne a ido, amma ba su zama ɗaya ba. Ranar aiki sai su rabu a inda ka haɗa su." Ya zura farce cikin saƙar zumar. "Ka kuma yi rowa. Abin da za a murɗa kullum ba a bar masa kogo."

Mutumin nan bai taɓa ganin na'urar ba, bai san sunanta ba, ba ya karanta boko. Amma abin da ya faɗa shi ne ainihin abin da ya faru. Ƙarfin irin wannan gini yana ga yadda kowane hawa ya narke cikin na ƙasansa, in zafi ya gaza sai hawa ya kwanta a kan hawa ba tare da sun haɗe ba, kuma a nan ne abu ke karyewa. Na rage wuta domin aiki ya yi kyan gani, na sayar da ƙarfi na sayi sheƙi. A hanyar dawowa na yi ta tunanin sau nawa na yi haka a rubutu ba wanda ya kama ni, domin ba mai murɗa maƙala har ƙarshe ya ga inda za ta rabu.

Watannin da suka biyo baya na yi su da wani tsoro da ban faɗa wa kowa ba, domin mai shekara tamanin ba a yi masa alkawarin baɗi. Na sayo wata roba mai suna PETG, dangin wadda ake yin gorar ruwan sha da ita, wadda ke jure zafi har wajen digiri 80. Ita tana son wuta mai yawa, digiri 240, kuma tana da gardama, takan yi gashi, takan manne wa faranti har ta so ɓata shi. Na rage gudun na'urar, na rage iskar da ke sanyaya aiki domin hawa ya sami lokacin narkewa cikin ɗan'uwansa, na cike cikin tam. Kowanne na gina sai in sa shi a tsinken gwaji in kama da filaya in murɗa har sai ya karye, in duba inda ya karye. 'Yata ce ke rubuta lissafi a bayan wani tsohon littafinta. Na takwas ya ƙi karyewa, sai tsinken ne ya lanƙwashe. Bai kai na farko kyau ba, layukansa sun fito ɓaro-ɓaro, akwai ɗan tabo a gefe.

A watan Disamba, cikin hunturu, na koma da shi a aljihun gaba. Na tarar da tsohon a zaure ya lulluɓa da bargo. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Bai sa shi a rediyo nan da nan ba. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya bi layukan da farce, ya sa a haƙori ya ɗan cije. Sannan ya sa, ya murɗa hagu har ƙarshe, ya murɗa dama har ƙarshe, ya ƙara ƙarfi. Yatsunsa suka zauna cikin tsagogin, rawar hannun ba ta hana shi tsayawa a kan tasha ba.

"Guda nawa ka ɓata kafin wannan?"

"Bakwai, Baba. Ban da na wancan zuwan."

Ya gyaɗa kai, ya juya wajen ƙanena wanda ke tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Ka ji ko? Maƙerin Kurmi ya fara ɓata gawayi." Daga nan ya ƙara sautin rediyo, zance ya ƙare.

Ban ruɗi kaina ba. Zanzaron roba ba maƙera ba ce, ba za ta yi fartanya ba, kuma abin da take ginawa ba zai yi shekara talatin a gona ba. Ƙanena ne ya gaji mahaifinmu, hannunsa ne ke da tabon wuta, nawa har yau alli ne ke ɓata shi. Abin da na samu kaɗan ne, amma ya ishe ni. Na san yanzu yadda mutum ke ji in ya miƙa aikinsa ga wanda zai gwada shi da ƙarfi, ba kuma bakin da zai kare shi. Ya canza yadda nake duba rubutun ɗalibaina da nawa. In na ga sakin layi mai sheƙi nakan tambayi kaina ko wutarsa ta kai, ko kuwa manne yake a ido.

Da zan taho, ƙanena ya raka ni mota, ya ce in zo in ga wani abu. Ya buɗe tsohuwar jakar fatar da mahaifinmu ke ajiye ƙananan kayan aikinsa, wadda ba mai taɓa ta sai shi. A tsakanin kurfi da magagari, a naɗe cikin tsumma, ga ɓari biyu na mamurɗin farko, wanda ya karye.